Kafin a jona injin wanki: Abin da ya kamata ku sani game da soket, waya da atin

Injin wanki ya fara zama abin da ake lissafawa cikin kayan ɗakin amarya a biranen Arewa, kuma matasa da yawa sun mayar da shi jari, suna karɓar wankau a unguwa. Sai dai akasarin gidajen da ake kai shi ba a yi wayarinsu da tunaninsa ba. Injin na buƙatar famfo da magudanar ruwa, don haka sai a ajiye shi a tsakar gida ko a ƙofar banɗaki, inda babu soket. Daga nan sai a jawo ekstanshin daga falo, a shimfiɗa shi a kan siminti mai danshi, a ce na wucin gadi ne, ya kuwa shekara a wurin.

Bayan wasu makonni fulogin ya fara ɗumi, ko mai wanki ta ji injin ya ɗan fizge ta lokacin da ta taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Yawanci akan ce ai haka halinsa yake. Lafiyayyen inji da aka jona daidai ba ya jan kowa. Wannan ɗan fizgar sanarwa ce cewa wuta tana yawo a jikin ƙarfen, kuma ba ta da hanyar wucewa sai ta jikin mutum.

Wannan bayani ya tattaro abin da mai gida ko ɗan haya ya kamata ya sani kafin ya kira mai wayarin ya kafa wa injin wanki sabon soket: nauyin da injin ke ɗora wa waya, irin kayan da za a saya, gwajin da za a nema, da hukumomin da doka ta ɗora wa sa ido.

Nawa injin yake ci?

Wutar da ake rarrabawa gidaje a Nijeriya an tsara ta a kan bolt 230. Ƙarfin da na'ura ke ci kuma ana auna shi da wat, yana rubuce a wata 'yar takarda da ke manne a bayan kowane inji. Idan aka raba wat da bolt, sai a sami amfiya, wato yawan wutar da za ta bi ta cikin waya. Wannan lissafin ne ke nuna kaurin wayar da ake buƙata.

Injin nan mai baho biyu, wanda ake ɗiban kaya da hannu daga wajen wanki zuwa wajen matsewa, ba ya dafa ruwa. Yakan ci wat 300 zuwa 500, kimanin amfiya 2 ke nan. Wanda ake zuba wa kaya ta ƙofar gaba kuwa yana da hita a cikinsa, kuma idan ta kama yakan kai wat 2,000 zuwa 2,200, wato amfiya 9 zuwa 10. Na'urar busar da kaya mai hita takan ci wajen wat 2,500, kusan amfiya 11. Ayan ɗin guga yana tsakanin wat 1,000 da 2,400, gwargwadon girmansa.

Soket mai ƙafa uku masu kusurwa da muke amfani da shi, wanda muka gada daga tsarin Birtaniya na shekarar 1947, iyakarsa amfiya 13 ce, kusan wat 3,000. Injin wanki mai hita shi kaɗai ya cinye kashi uku cikin huɗu na wannan ƙarfi. Idan aka haɗa shi da ayan a ekstanshin guda, an zarce iyaka. Zafin da waya ke yi kuma yana ƙaruwa fiye da yadda ake zato: idan wutar da ke bi ta cikinta ta ninka sau biyu, zafin yakan ninka sau huɗu. Shi ya sa ekstanshin da ya shekara yana ɗaukar talabijin da caja lafiya ƙalau zai iya narkewa a wanki ɗaya.

Ka'idar da ta fi aminci ita ce kowace na'ura mai hita ta sami soket nata ita kaɗai. Inda za a ajiye injin wanki da na busarwa tare, a kafa soket biyu daban-daban, kada a cusa su a soket guda mai baki biyu.

Wayar da ta dace

Wayar fitilu a gidaje mai kaurin milimita 1.5 ce, ta soket kuma milimita 2.5. Abin da ya fi dacewa da injin wanki shi ne a jawo masa layi na kansa tun daga akwatin rarraba wuta na gidan, da wayar jan ƙarfe mai milimita 2.5, a sa masa bireka mai amfiya 20. Idan na'urori biyu masu hita za su hau layin, ko tazarar ta yi tsawo sosai, a ɗaga zuwa milimita 4. Jawo soket daga wayar ƙwan fitila mafi kusa, dabarar da ake yawan yi don a rage kashe kuɗi, ita ce hanya mafi sauri ta ƙona silin.

Yanayinmu ma yana cikin lissafi. Teburan da injiniyoyi ke dubawa sun ɗauka zafin wurin da waya take bai wuce digiri 30 ba. Idan ya kai 40, abin da waya mai rigar roba za ta iya ɗauka yana raguwa da kusan kashi 13 cikin 100. A Sakkwato, Maiduguri ko Kano, ana wuce digiri 40 a inuwa lokacin bazara, balle a cikin silin da ke ƙarƙashin kwano. Wayar da aka ɗaura mata kaya daidai wuyanta a watan Janairu tana iya gazawa a Afrilu.

Sai matsalar jabu. A kasuwa akwai wayar da cikinta alminiyam ne aka yi masa fatar jan ƙarfe, akwai kuma wadda aka rubuta mata 2.5 alhali kaurinta bai kai ba. Alminiyam yana wuce da kusan kashi 61 cikin 100 ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai wuce da ita, kuma yana saurin karyewa a ƙarƙashin sukuru. Gane ta ba wuya: a yanko ɗan guntu, a kankare silin da wuƙa. Idan fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne. Nadin irin wannan waya kuma ya fi na gaskiya rashin nauyi a hannu. Araha ba ta ado, musamman a kan abin da za a binne a bango a yi shekara ashirin ba a sake ganinsa ba. A sayi waya mai sunan kamfani da alamar hukumar SON a jikinta, a karɓi rasit.

Atin: wayar da ake yawan mantawa

Waya uku ke shiga soket. Akwai mai ɗauke da wuta, wadda masu aiki ke kira laif, ja a tsohon tsari, ruwan ƙasa a sabo. Akwai ta komawa, wato nutural, baƙa a tsohon tsari, shuɗiya a sabo. Ta uku ita ce ta atin, koriya ko koriya mai ratsin rawaya. Injin zai yi aiki da biyun farko ko da babu ta ukun, kuma wannan ne ya sa ake raina ta.

Aikin wayar atin shi ne haɗa jikin ƙarfen injin da ƙasa. Idan rigar wata waya ta ɓare a cikin injin, ko ruwa ya ratsa hita, wutar za ta bi wayar atin ta gudu, na'urar kariya ta katse layin. Inda babu atin, wutar takan tsaya a jikin injin tana jiran wanda zai taɓa. Mutumin da ke tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, hannunsa da ruwan sabulu, shi ne hanya mafi sauƙi zuwa ƙasa.

Atin na gaskiya yana farawa da sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe da ake kafawa a ƙasa, tsawonta daga mita 1.2 zuwa sama, a haɗa ta da akwatin rarraba wuta da waya mai kauri, daga can kuma a rarraba wa kowane soket. Busasshiyar ƙasa mai yashi ba ta karɓar wuta sosai, don haka atin da ya yi kyau da damina yana iya raunana da rani. Gawayi da gishirin da masu aiki ke zubawa a ramin suna taimakawa na ɗan lokaci, amma gishiri yana cin ƙarfe. Abin dogaro shi ne a auna da na'ura, a kuma bar mahaɗar a inda za a iya buɗewa a duba.

Akwai dabaru biyu da ya kamata a ƙi amincewa da su. Ta farko ita ce haɗa ƙafar atin da nutural a bayan soket. Ranar da nutural ya tsinke a kan fal, ko aka juya wayoyin wajen sauya layi, jikin injin gaba ɗaya zai ɗauki wuta. Ta biyu ita ce ɗaura wayar atin a bututun famfo. Bututun gidajen yanzu na roba ne, ba ya kai wuta ko'ina, na ƙarfe kuma zai iya kai ta hannun wanda ya buɗe famfo a wani ɗakin.

Masu sayen inji na hannu su duba fulogi. Injinan da aka yi don ƙasashen Turai irin su Jamus suna zuwa da fulogi mai ƙafa biyu zagayayyu, atin ɗinsa yana gefe. Idan aka tura tsinke a ramin sama aka cusa shi a soket ɗinmu, zai kama wuta amma atin bai haɗu ba. A yanke shi a sa fulogi mai ƙafa uku da fis na amfiya 13. Injinan da aka yi don kasuwar Amurka kuwa na bolt 120 ne, jona su kai tsaye ƙona su ne.

Bireka tana kare waya, RCD yana kare mutum

Mutane da yawa sun ɗauka tunda akwai bireka a gidan, babu wanda wuta za ta kama. Bireka mai amfiya 20 ba ta faɗuwa sai wutar ta wuce amfiya 20, domin aikinta hana waya ƙonewa ne. Jikin ɗan Adam ba ya jure ko kusa da haka. Ana auna abin da ke cutar da shi da miliamfiya, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na amfiya. A wajen miliamfiya 10 zuwa 15 tsokar hannu takan ƙanƙame, mutum ya kasa sakin abin da ya riƙe. Daga 50 zuwa sama bugun zuciya na iya rikicewa. Jiƙaƙƙen jiki a kan bolt 230 zai iya jan sama da miliamfiya 200, bireka kuwa ba za ta ko motsa ba.

Na'urar da aka yi don wannan ita ce RCD, wadda a shaguna ake kuma kira RCCB ko ELCB. Tana auna wutar da ta fita ta laif da wadda ta dawo ta nutural. Idan aka sami giɓi, alamar wani ɓangare ya bi wata hanya ke nan, sai ta katse layin cikin ƙasa da daƙiƙa guda. Wadda ta dace da soket ita ce mai miliamfiya 30. Masu lamba 100 ko 300 an yi su ne don rage haɗarin gobara, ba sa isa su ceci rai. Akwai kuma RCBO, wadda ta haɗa aikin bireka da na RCD a jiki ɗaya, kuma ita ta fi dacewa da layin injin wanki, domin idan ta faɗi ba za ta jefa gidan duka cikin duhu ba.

Kowace RCD tana da maɓallin gwaji. A riƙa danna shi duk bayan 'yan watanni lokacin da akwai wuta. Idan ba ta faɗi ba, ta lalace. Idan kuma tana yawan faɗuwa da zarar an kunna injin, injin ne ke zubar da wuta, galibi daga hita. Mai gyaran da ya ce a cire ta a huta, ya cire mai gadi ne ya bar ɓarawo a ciki.

Inda za a kafa soket

Soket ya kasance sama da injin, kimanin mita 1.2 daga ƙasa, a gefe inda hannu zai kai ga makunninsa ba sai an ja injin ba. Kada ya zauna a ƙarƙashin famfo ko bututun ruwa, ko a saitin tiyon da ke zubar da ruwan wanki. Cikin banɗakin da ake wanka ba wurin soket ba ne. Idan a tsakar gida ko baranda za a kafa, a sayi mai murfi da aka yi don waje, irin mai lambar IP66, wanda ke hana ruwa da ƙura shiga. Wayar ta bi ta cikin bututun roba, ko a binne a bango ko a manne a kansa, ta tafi a miƙe, sama zuwa ƙasa ko a kwance, don wanda zai buga ƙusa gobe ya iya hasashen inda take.

Yadda aikin ke gudana

Aikin na ƙwararre ne, amma mai gida yana da haƙƙin tsayawa ya gani. Mataki na farko shi ne duba akwatin rarraba wuta: akwai gurbin sabuwar bireka, akwai atin a gidan, kuma babbar wayar da ta shigo daga mita za ta ɗauki ƙarin nauyi? Bayan haka a kashe wutar gidan daga tushe, a kashe janareta da inbata, domin gidan da ke da batir yana iya kasancewa da wuta ko da unguwa na cikin duhu. A tabbatar da mutuwar layin da na'urar awo mai baki biyu. Testan nan mai kama da sukudireba yana yaudara, musamman a cikin hasken rana.

Daga nan a ja wayoyi uku daga akwatin zuwa soket ba tare da gami a tsakani ba. Wayar da aka murɗa aka naɗe da salatif a cikin silin, nan ne zafi ke taruwa. A bayan soket akwai haruffa uku: L na laif, N na nutural, E na atin. Kowace waya ta shiga gurbinta, a ɗaure sukuru tamau, kada a bar tsiraicin jan ƙarfe a waje. Idan akwatin da ke cikin bango na ƙarfe ne, shi ma a haɗa shi da atin. Juya laif da nutural ba ya hana inji aiki, amma yana sa a kashe makunni wuta ta ci gaba da zama a cikin injin.

Kafin a biya kuɗin aiki, a nemi gwaji huɗu a gaban ido: cewa atin ya haɗu tun daga soket har sandar ƙasa, cewa ba a juya wayoyi ba, cewa rigar wayar ba ta zubar da wuta, da cewa RCD tana faɗuwa. Bayan wankin farko a taɓa fulogi. Ɗan ɗumi kaɗan ba laifi, amma zafin da hannu zai ji sosai yana nufin akwai sako-sako a wani wuri.

Janareta, inbata da raunin wuta

Ƙaramin janaretan da bai kai wat 1,000 ba zai iya juya inji mai baho biyu, amma ba zai ɗauki hita ba. Haka inbata mai ƙarfin 1.5 kVA. Masu sola sukan zaɓi wankin ruwan sanyi da tsakar rana, kuma yawancin tufafinmu ba sa buƙatar fiye da haka. Janareta ya shiga gidan ta na'urar sauya layi kawai. Wanda ya jona shi ta soket yana tura wuta baya zuwa kan fal, inda ma'aikacin da ya hau gyara yake da yaƙinin layin a mace yake. A kuma sa mai wayarin ya gwada RCD a kan janareta da inbata, domin wasunsu sai an yi musu haɗin atin na musamman kafin ta yi aiki.

Inda wuta ke zuwa da rauni, motar injin takan yi gurnani ta yi zafi, allon kwamfutarsa kuma yana iya ƙonewa idan wutar ta dawo da ƙarfi. Sitabilaiza mai ƙarfin 5 kVA ta fi dacewa da inji mai hita, kuma ita ma sai an tabbatar atin ya ratsa ta cikinta.

Wa ke da alhaki?

Tun da aka sayar da akasarin kamfanonin rarraba wuta 11 a watan Nuwamban 2013, alhakin kamfani irin KEDCO, Kaduna Electric ko AEDC yana tsayawa ne a mita. Daga mita zuwa cikin gida, nauyin mai gida ne. Wannan bai sa cikin gida ya zama inda doka ba ta kai ba. A 2015 hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da kafa kayan lantarki, kuma a shekarar ce dokar da ta kafa NEMSA ta fara aiki. NEMSA ce ke da ikon duba ayyukan lantarki da ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa, kuma Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta bar mata wannan iko. Ingancin waya, soket da bireka da ke kasuwa kuwa yana wuyan SON, ta tsarin SONCAP ga kayan da aka shigo da su, da MANCAP ga waɗanda aka ƙera a gida.

A aikace, duk wanda ya taɓa gina ɗaki a unguwa ya san yadda ake yi: a kira yaron da ya koyi aiki a wajen maigidansa, a yi ciniki, ya ja waya, a rufe da filasta. Da yawansu sun iya aikin, amma babu wanda ya auna, babu takarda. A watan Afrilun 2024 an ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, aka yi ta muhawara a kan kuɗi da awannin wuta. Tambayar ko wayar da ke kai wannan wuta ɗakunan mutane tana da atin, da wa ya duba ta, da yadda jabun waya ke ratsa tashar jiragen ruwa har ta iso kasuwa, ita ma ta cancanci a yi wa hukumomin nan ita. Mai saye zai iya fara nasa ɓangaren: ya nemi ganin takardar NEMSA ta wanda zai yi masa aiki, ya kai ƙorafin jabun kaya ga SON ko hukumar kare masu saye ta FCCPC, da rasit a hannunsa.

Ɗan haya kuma ya nemi izinin mai gida kafin a fasa bango, a rubuta wanda zai biya. Idan binciken ya nuna gidan duka ba shi da atin, gyaran na mai gida ne, kuma ya shafi ran kowa da ke cikin gidan.

Idan abu ya faru

Alamomin da ke cewa a daina amfani da soket nan take su ne warin ƙonanniyar roba, baƙi ko rawaya a bakin ramukan, ƙarar tartsatsi, fulogi mai sako-sako, da duk wata fizga daga jikin inji ko famfo.

Idan wuta ta kama mutum, kada a taɓa shi da hannu. A kashe babban makunni, idan ya yi nisa a ture shi daga injin da busasshen katako ko kujerar roba, mai turewar yana tsaye a busasshen wuri. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, wani kuma ya kira 112 ko ya nemo mota. Kada a ɗura wa wanda ya suma madara ko ruwa, zai iya shaƙewa. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa. Gobarar lantarki kuma ba a zuba mata ruwa sai an katse wuta. A yi amfani da tukunyar kashe gobara mai hoda ko yashi.

A mafi yawan gidaje, masu tsayawa a gaban injin wanki da jiƙaƙƙen hannu mata ne, da 'yan aiki, da yaran da aka aika su kwashe kaya, kuma ba su ne suka yi ciniki da mai wayarin ba. Wanda ya yi cinikin shi ya kamata ya tabbatar an ja waya ta uku, an sa RCD mai miliamfiya 30, an kuma gwada su a gabansa kafin a zuba kayan farko.